Goron da Na Ci Ban Tambaya Ba

Kun daɗe kuna yi mini dariya a kan maganar goro. Duk wanda ya shigo zaure ya miƙo mini goro, sai na tambaye shi na mene ne kafin in kai baki, har ke Zainab kika taɓa cewa ko a wurin zaman makoki aka ba Baba goro sai ya yi tambaya. Na kuma ji abin da ake gaya muku a gari, wai ubanku ne ya riƙe kaset ɗin Alhaji Ɗanjuma, ya sa dattijo ya duƙa a gona da hauya kafin ya mayar masa da kayansa. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa 'yan teburin mai shayi ne suka ƙara mata gishiri. Tunda yanzu ido ya yi rauni, kyamara kuma ta koma hannun yara, bari in rubuta muku yadda aka yi don kada ku gaji ƙarya.

A wancan lokacin muna zaune a Talata Mafara ni da uwarku, sana'ata ɗaukar bidiyo: biki, suna, saukar karatu, walimar alhazai. Sana'ar tana da wata al'ada da ku yaran yanzu ba ku tarar ba. Ba a yin tsada. Mai biki ya kira ka, ka je ka yi aikinka, idan an watse ya ja ka gefe ya danƙa maka abin da ya sawwaƙa. Ka buɗe baki ka faɗi kuɗi tun kafin aiki, sai a ce yaron nan ba shi da kunya. Abin da nake samu a nan na miya ne da sabulu. Abincin gida kuwa daga gonar da na gada a Birnin Tudu yake fitowa, gonar gero, wadda idan ta yi kyau takan kai mu wata kakar. A shekarar da nake ba ku labari uwarku tana da cikinki, Zainab, ya tsufa, ga ƙannena biyu a wuyana. Na yi noman farko da hannuna, gero ya tashi gwanin sha'awa, saura maimai, wato noma na biyu, wanda idan aka makara da shi ciyawa ke cinye wahalar shekara.

Alhaji Ɗanjuma manomin shinkafa ne a wajen Bakura, abokin marigayi mahaifina Malam Isa tun suna yara. Mutum ne mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya da zuciya fara. Ya ga finafinan da ake sayarwa a kasuwa, ransa ya ɓaci da yawan rawa da waƙa, ya rantse shi ma sai ya yi nasa, wanda zai yi wa masu tauye mudu wa'azi. Wata safiya ƙanensa Buba ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙunshin goro a ganye, manya-manya, farare. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gona da ruwa, ya ajiye ƙunshin a gabana.

"Alhaji yac ce a kawo maka. Shina da aiki, shina son ka zo da mutanenka ku kama mai."

Na ce to, Allah ya kai mu. Na ɓare ɗaya na jefa baki tun Buba bai tashi ba. A raina na ce wannan ai somin taɓi ne, mai shinkafa ya kira ka aiki, ai kakarka ta yanke saƙa. Na yi lissafin cewa mako guda za mu yi, in karɓi abin da zan karɓa, in ɗebi 'yan ƙwadago su share mini maimai a kwana biyu.

Mutum biyu na nema. Lawwali, abokina ɗan Maradun, shi ne mai sauti, yana ɗaure makirfo a kan gora ya riƙe sama da kawunan 'yan wasa. Sai Asabe mai kwalliya daga Gusau, wadda ta taɓa bin masu shirya fim na birni, ta san yadda ake yi. Na kai wa kowannensu rabonsa na goro. Asabe ta karɓa ta dube ni sheƙeƙe.

"Garba, goro na gani. Nawa kunka yi da shi?"

"Haba Asabe, Alhaji na fa. Abokin ubana na. In tsaya in yi ciniki da shi kamar mai sayen akuya?"

"To," in ji ta, ta ƙulle goron a bakin zane. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

Da ina da hankali, ranar farko zan gane inda aka dosa. Mun isa ƙauyensu muka tarar an kayar da rago, mata suna ta tuƙin tuwo, ga ƙorai na fura da nono jere a inuwa. Har makaɗin noma Alhaji ya kira da gangarsa, yana yi mini kirari ina saita kyamara. Lawwali ya cire abin kunnensa ya ce shi ban da ganga ba ya jin komai, da ƙyar muka lallashi makaɗin ya koma bayan gari. Ni kuwa duk wannan hidima na ɗauke ta karamci. Na ce wanda ya yanka rago tun ba a fara ba, ranar sallama ai sai an nemo buhu.

Alhaji da kansa ya fito a matsayin ɗan kasuwa mai gaskiya, kuma nan ne mako guda ya zama uku. Ba wai bai iya maganarsa ba, ya haddace ta tsaf. Matsalar gaisuwa ce. Muna tsakiyar ɗauka a bakin kasuwa, ya ɗaga mudu yana yi wa azzalumi faɗa, sai wani tsoho ya gifta a kan jaki ya yi sallama. Nan take Alhaji zai ajiye mudu ya juya: an wuni lafiya, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki, ina labarin wane. Kaset na tafiya, batir na ci, ni ina tsaye kyamara a kafaɗa kamar an dasa ni. Na roƙe shi, na ce Baba, idan na ɗaga hannu ka yi kamar ba ka ga kowa ba.

"In yi kamar ban ga mutum ba? Garba, wanga aiki naku ba shi da tarbiyya. Mutum shi yi man sallama in ƙyale shi, don wani akwati na kallona?"

Muka yi dariya har Asabe ta zubar da hoda. Haka muka yi ta fama. Gaskiya mun ci daɗi, ban taɓa ƙiba kamar ta waɗannan makonni ba. Amma kullum na kwanta sai gonata ta faɗo mini a rai, don ruwa bai fasa sauka ba.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, Alhaji ya tara mu a ƙofar gidansa. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Alhaji ya tashi ya gode mana ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya kawo ruwa, ya sake raba goro, ya ce Allah ya bar zumunci. Muka shafa. Muka zauna. Mutane suka watse, muna zaune. Ina jira ya ja ni gefe, shi kuma yana mamakin abin da ya hana mu tafiya, har ya tambaya ko mun rasa abin hawa ne. A hanyar komawa, da muka kusa Mafara, sai Asabe ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini goron nan na farko, ya bushe ya yi ja.

"Ungo. Kai ma mai mota shi, ka ga ko shina kai ni Gusau."

Washegari na hau babur na je Birnin Tudu. Na tsaya a bakin gonar na duba. Ciyawar harƙiya ta kai gwiwa, geron ya yi rawaya ya siraɗe a cikinta. Ni kaɗai ko mako biyu na yi ban gama ba, kuma geron ba zai jira mako biyu ba. Na tuna uwarku da cikinta, na tuna rumbun da ya kusa ƙasa. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Kaset takwas na fim ɗin suna hannuna, don ni zan kai su Gusau a tace. Na dawo gida na cusa su a bayan jeren kwanonin uwarku. Lawwali ya ce kada in kuskura in sake su, wai haka ake yi ko'ina, mai kyamara ya riƙe kaset har mai fim ya yi laushi. Shi ma yana da tasa damuwar, katangar gidansu a Maradun ruwa ya kayar, yana jiran kuɗin nan ya tayar. Na ɗaure fuska na koma wurin Alhaji. Sai da muka ƙare gaisuwa kaf, don ko faɗa za ka yi da dattijo ba ka tsallake ta, sannan na sunkuyar da kai na ce, Baba, maganar haƙƙin aikinmu ce.

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

"Wane haƙƙi? Ba goro na aika maka ba? Ba ka ci ba?"

"Na ci, Baba."

"Ban yanka rago ba? Ban kira makaɗi ba? To gayya ta na kira, kunka amsa. Yaushe anka fara biyan 'yan gayya?"

Sai a lokacin komai ya faɗo mini. Goro, rago, fura, ganga: duk yadda manomi ke kiran jama'a su taya shi aikin gona, haka Alhaji ya kira mu. Ni ɗan manomi, na tashi ina zuwa gayya, amma don na rataya kyamara na kasa gane ta da ta zo har ƙofar gidana. Shi bai cuce ni ba, ni ban yi masa ƙarya ba, kowa da abin da ke ransa, kuma kunya ta hana a faɗa. Ya ce kuɗinsa duk sun tafi a hayar babbar kyamara da janareta da abinci, sauran suna cikin ƙasa sai shinkafa ta nuna. Da na yi shiru da ya fi. Amma kun san ubanku da zuciya. Na ce to, kaset dai suna hannuna. Alhaji ya dube ni, ya ce a hankali:

"Ɗan Malam Isa ka hwaɗa man haka?"

Na fito kunnuwana suna zafi. Na ci nasara a magana, amma ji nake kamar na zagi ubana.

Uwarku ce ta warware. Tana zaune tana tsince wake, na zayyana mata komai ina huci, ta bar ni na gama.

"Malam, ni ban ga abin hushi ba. Yac ce gayya ta, ko? To amsa mai gayya ta. Ni dai gidanmu ban taɓa ganin wanda anka yi ma gayya ya ƙi ramawa ba. Kai kuɗɗi kaka so, ko gonarka ta hita?"

Shekara da shekaru ina taƙama ni ne mai ilimin zamani a gidan nan, ga mai tsince wake ta gama da ni.

Muka ɗunguma, ni da Lawwali da Asabe da Alhaji, wurin Sarkin Noman yankin su Alhaji, wani tsoho siriri mai haƙori biyu, wanda ba a kiran gayya a wajen ba da saninsa ba. Ya saurari kowa yana lumshe ido. Ya fara da Asabe, ya ce ita baƙuwa ce, ba ta da gona ko gida a nan da za a rama mata, don haka gayya ba ta hau kanta ba. Alhaji bai yi musu ba, ya sa aka fito mata da buhun shinkafa daga na cin gidansa, da kuɗin mota. Asabe ta ce a ɗora mata shi yanzu-yanzu, kafin wani ya ce shi ma goro ne. Sannan tsohon ya juyo kanmu. Ya ce wanda ya kira gayya ya ci bashin gayya, duk ranar da ni ko Lawwali muka kira, Alhaji zai zo da hannayen da za su kai nauyin abin da muka yi masa. Na fara murmushi. Sai ya ɗaga yatsa.

"Amma gayya ba a yi mata jingina. In gayya ta, miƙa mai kayanai yanzu. In ko ƙwadago na, riƙe abinka ku tai gaban alƙali. Zaɓi guda."

Lawwali ya matse mini hannu yana raɗa cewa kada in yarda, idan kaset suka fita ba mu da sauran abin kamawa. Gaskiyarsa ne. Idan Alhaji ya yi fushi ya ƙi zuwa, ko ya turo yara uku don fita kunya, geron ya tafi, ba kuma wanda zan kai wa ƙara. Alƙali kuwa kafin ya yanke hukunci ciyawa ta yanke nata. Na dubi Alhaji, bai ko kalle ni ba. Na zaro kaset takwas ɗin, da ma na taho da su a jaka, na ajiye a gabansa. Na je kasuwa na sayo goro na kai masa da kaina, na ce jibi Alhamis ina da aiki a Birnin Tudu. Ya karɓa ya ajiye a gefe. Lawwali kuwa ya hau babur ya tafi ko sallama babu.

Abin da na manta shi ne mai kiran gayya shi ke ciyarwa. Uwarku tana da wani bunsuru da take kiwo don sunanki, Zainab. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce a kayar, ai ita ta kawo shawarar. Idan kin taɓa jin cewa ragon sunanki ɗan ƙarami ne kuma ba a ƙara da komai ba, to ga dalili.

Ranar Alhamis tun da sassafe muna bakin gona da tukwane. Rana ta fito, ba kowa. Hantsi ya fara ɗagawa, ba kowa sai ni da ƙannena. Na ɗauki hauya na fara, ina lissafin yadda zan dubi uwarku da bunsurunta a tukunya. Ban kai ƙarshen layin farko ba sai na ji ganga. Makaɗin nan ne da muka kora bayan gari, yana tsaye a bayan motar ɗaukar shinkafa, motar cike da mutane har kan ƙarfe, wata na biye da ita. Ma'aikatan Alhaji, 'ya'yansa, surukansa, har da wanda ya fito a matsayin azzalumin mai tauye mudu. Sun makara ne don motar ta kafe a laka. Alhaji ya sauko daga gaba, ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ce a ba shi hauya.

Ku ji da kyau, don nan ne masu shayi suke ƙarya. Ba wanda ya sa shi. Sarkin Noma hannaye ya ce ya kawo, bai ce ya duƙa ba. Na riƙe hauyar na ce Baba, don Allah ka zauna a inuwa. Ya fizge.

"Kai da ka zo tawa, inuwa ka zamna?"

Ya duƙa da ƙaton cikinsa, yana nishi, gumi na zuba. Can sai ga wani dattijo a kan hanya, ya tsaya ya rangaɗa masa sallama. Duk muka saki aiki muna jira, don mun san an shiga gaisuwar rabin sa'a. Alhaji ya amsa sallamar kansa a ƙasa, ya ce:

"Yi haƙuri, Malam, mu gaisa in na kai ƙarshe. Aikin mutane a hannuna."

Mako uku ina roƙon mutumin nan ya yi haka a gaban kyamara ya ƙi, sai ga shi ya yi a gonata, ranar da ba kyamara a hannuna sai hauya. Na juya baya kamar ina gyara ƙota, don kada a ga idona.

Kafin la'asar gonar ta fita fes. Mako na zagayowa aka je Maradun aka tayar wa su Lawwali katanga, har da yaɓe, ni ma na je na kwaɓa ƙasa. Duk da haka sai da ya yi wata biyu yana gaishe ni da hanci, yana cewa sa'a na taka, ba dabara ba. Wataƙila gaskiyarsa ne. Fim ɗin kuwa ya fito, bai yi wani kasuwa ba, amma a ƙauyen su Alhaji an kalle shi har kaset ya tsinke, kowa na neman inda jakinsa ya gifta. Geron ya farfaɗo. Bai kai na shekarun baya ba, amma ya kai mu kaka, kuma da shi aka dama kunun da uwarku ta sha na jego. Tun daga nan ban ƙara ɗaukar kyamara ba sai an faɗi kuɗi a gaban shaida, kowa ya ce ba ni da kunya, na ce na ji.

Bayan shekaru masu yawa, Alhaji ya tsufa ƙafa ta ƙi, sai ga Buba a zaurena da ƙunshin goro, shi ma gemu ya yi fari. Muka gaisa. Na dubi ƙunshin na ce na mene ne. Ya yi dariya har da tari.

"Alhaji yac ce ai ya san sai ka tambaya. Autatai za a kai ɗaki, shina son kai ka ɗauki bidiyon bikin da hannunka. Yac ce kuma ka hwaɗi kuɗɗinka tun yanzu, gaban shaida, kahin ka taɓa goron."

Na kwance ganyen, na zaɓi babba, na ɓare na jefa baki. Na ce ya koma ya gaya wa Baba na riga na ci, kuma ya tanadi fura mai yawa, don wannan gayya ce.